Kanwa, Gadon Matattun Koguna

A kusurwar madafar kakata akwai wani ɗan kasko da ba wanda ya isa ya taɓa shi sai ita. Kullum da guntuwar kanwa a ciki tana jiƙe, ruwan ya kwanta garau a sama, laka ta taru a ƙasa. In za a yi miyar yakuwa sai ta karkata kaskon ta tsiyaya kaɗan a tukunya. Nan take miya ta taso da kumfa kamar za ta yi ambaliya, can kuma sai ta lafa. Ta ɗiga a tafin hannu ta lasa, ta ce, "Yauwa, kanwa ta kar tsami." Na daɗe ina jin wannan magana a bakin manya wajen sasanta rigima kafin in farga cewa a tukunya aka haife ta.

Wata rana na ce, "Inna, wai kanwa a ina take tsirowa?" Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Ɗan nan, kanwa ai ba shuka ba ce. Ƙasa ce ke amanta, can wajen Barno." Amsar ba ta fi haka ba, kuma da na girma na tarar ba ta yi kuskure ba ko kaɗan. Ƙasa ce ke amanta. Abin tambaya shi ne me ya sa take amanta a Manga da Dallol da gaɓar Tafkin Cadi, ba ta amanta a Zariya ko Kaduna.

Sai mun koma kan dutse. Duwatsu irin su Kufena na Zariya da Kwatarkwashi na Zamfara, in ka fasa ɓallinsu ka duba da kyau za ka ga ba abu ɗaya ba ne. Akwai ƙwayoyi masu ƙyalli kamar gilashi, akwai farare ko jajaye-jajaye marasa ƙyalli sosai, akwai kuma baƙaƙe masu ɓarewa falle-falle. Ruwan sama da rana suna cin dutsen nan a hankali shekaru dubbai. Ƙwayoyin nan masu kama da gilashi, waɗanda masana ke kira kwaz, taurin kai gare su, ba sa narkewa. Sai dai su ɓalle, ruwa ya gangara da su, su yi ta gogar juna har su zama yashin da muke gani a kogin Calawa ko Gulbin Kaduna. Farare da jajayen kuwa ruɓewa suke yi su koma yumɓu, kuma a cikin ruɓewar ne suke sakin sinadarin sodiyam ya bi ruwa. Ashe yashin da magini ke saye tifa-tifa da kanwar da ke kaskon Inna uwarsu ɗaya. Ɗaya ya kwanta a gindin kogi kowa na ganinsa, ɗayan ya narke ya ɓace wa ido.

Shi sodiyam ba ya zaman gwauro. In ya haɗu da kulorin, gishiri ke nan. In ya haɗu da kabonet, kanwa ke nan. In kuma salfet ya samu, sai a sami wani gishiri mai ɗaci da ke sa gudawa. Shi ya sa nake murmushi in na ji 'yan boko na kiran kanwa "fotash". Fotash na gaskiya daga toka yake, sinadarinsa fotasiyam ne, ɗan'uwan ruwan tokar da mata ke tatsa in kanwa ta yanke. Kanwa kuwa sodiyam ne ya fi yawa a cikinta.

Kogin da ya kai teku yakan kai kayansa can ya sauke, shi ya sa kowace lita ta ruwan teku ke ɗauke da gishiri wajen giram 35. Kwara da Binuwai haka suke yi, suna wanke ƙasa suna zubarwa a teku. Amma akwai kogunan da ba su da mafita, da waɗanda suka mutu tun tuni yashi ya binne su. A nan ne labarin kanwa yake.

Shekaru kamar 10,000 zuwa 6,000 da suka wuce, Sahara ba haka take ba. Akwai ciyawa, akwai tafkuna, akwai koguna masu gudu daga duwatsun Abzin da kwarin Azawak suna gangarowa kudu su faɗa Kwara. Da ruwan sama ya ja baya sai kogunan suka ƙafe, suka bar manyan kwaruruka cike da yashi. Fulani suka kira irin wannan kwari "dallol". Dallol Boso, wanda Zabarmawa ke ce wa Boboye, ya ratso ta Filinge da Baleyara da Birnin Gaure ya sauka Kwara a wajen Bumba, wani wurin faɗinsa ya haura kilomita 10. Dallol Mauri ya bi ta ƙasar Arewa, ta Dogon Dutse, ya nufi Gaya, kuma kafin ya kai sai reshensa, Dallol Foga, ya same shi. Ba ruwa a sama, amma kogin bai gama mutuwa ba. Ruwa na nan yana tafiya a ƙarƙashin yashi, wani wurin gaba ɗaya ko biyu ka haƙa ka same shi. Da rani rana na zuƙo ruwan nan ta ƙofofin yashi kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Ruwa ya tashi ya bi iska, abin da ya narke a cikinsa ya tsaya a fuskar ƙasa, fari fat kamar an barbaɗa gari. A Boso yawanci kanwa ce ke fitowa, a Foga kuwa gishiri.

Wanda bai taɓa ganin aikin gishirin Foga ba zai ɗauka kwasa kawai ake yi. Ina! In kaka ta wuce, aka gama kai amfanin gona rumbu, ruwan fadama ya janye, sai iyalai daga garuruwa irin su Bana da Bengu da Tunuga su kafa 'yan bukkoki a bakin kwari, wasu su tare can ɗungum har faɗuwar ruwan fari. Dandawa ne da Kyangawa da Hausawa, kuma kaso mai yawa na aikin a hannun mata yake. Da sassafe ake fita kankaro ƙasa. Ba a zurfafawa, fatar sama kaɗai ake karta, don nan gishirin ya taru. Gwanar aiki ta san ƙasa mai kyau da ido, in ta yi shakka ta ɗan taɓa a harshe. A tara tsibi-tsibi, a kwaso a kwando.

Sai matata. Wani babban kwando ne da aka saƙa da ciyawa ko kaba, mai faɗin baki da tsukakken gindi, an ɗora shi a kan itatuwa, an ajiye tukunya a ƙarƙashi. A cika shi da ƙasar, a danna, a zuba ruwa a sama. Ruwan ma sau da yawa na zartsi ne daga ramin da aka haƙa nan kusa, don haka da ɗan gishirinsa ya zo. Ya riƙa tsatsafowa ɗis, ɗis, ja-ja kamar shayin da bai ji madara ba. In ɗigon ya fara salancewa an san ƙasar ta ba da abin da ke gare ta, sai a juye ta gefe a sake sabuwa. Daga nan sai wuta. Da can a tukwanen ƙasa ake dafawa, yanzu an fi amfani da rabin ganga da manyan kwanonin ƙarfe. Yini guda ana iza wuta, ana ƙara ruwan gishiri, ana kwashe kumfa, hayaƙi na cin ido, zartsi na tsattsaga hannu da ƙafa. Can sai ruwa ya yi kauri, gishiri ya fara kama gefe. A kwashe da danshinsa, a tsane, a ɗura a cikin saƙar kaba, ya daskare ya zama abin ɗauka a kan jaki.

Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan sana'a shi ne juji. Ƙasar nan da ake juyarwa bayan an tace, shekara da shekaru, kaka da kakanni, ita ce ta taru ta zama tuddai a bakin kwari, har mutane na kafa bukkoki da murafu a kansu. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya ratsa Foga a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu, kuma ya ga ƙauyukan masu gishiri a kan irin waɗannan tuddai, ya bayyana tacewa da dafawa kusan yadda ake yi yau. Lokacin ana tsakiyar yaƙin Kabawa da Gwandu, kwarin Foga na cikin wuraren da ake ja-in-ja a kansu, don wanda ya riƙe gishiri ya riƙe kasuwa. Tudun da ka gani a Foga, gumin mutane ne da kwando.

Gabas kuma, a ƙasar Manga da Muniyo, tsakanin Gure da Maine-Sorowa, yanayin ya ɗan bambanta. Can tuddan rairayi ne jere, tsakaninsu akwai ƙananan kwaruruka masu dabino da goruba a gefe, da ɗan tafki a tsakiya. In tafkin ya ƙafe sai kanwa ta kwanta a gindinsa. Wata a share ta kamar gari, wata a fasa ta da ƙarfe ɓalli-ɓalli. A can ne kuma ake dafa mangul, a jera ƙananan tukwane masu tsini da yawa a kan murhu guda, a yi ta ƙara ruwan gishiri har kowace ta cika da daskararren gishiri, sannan a fasa tukunyar a fitar da shi da siffarta. Manoma ne ke yin wannan a matsayin cin rani.

Tafkin Cadi shi ma da nasa abin al'ajabi. Ba shi da kogin da ke fitar da ruwansa zuwa teku. Shari da Logon na zuba masa mafi yawan ruwa, Komadugu Yobe na kawo nata kaɗan daga kogunan Haɗeja da Jama'are, wato har da wankin duwatsun Jos da na ƙasar Kano. Bisa ƙa'ida ya kamata a ce tafkin ya yi zartsin da ba ya shayuwa, amma ga shi mutane da shanu na sha. Dalili kuwa, ruwan na sulalewa ta ƙarƙashin yashi zuwa arewa da gabas da gishirinsa, ya je ya ɓullo a kwarurukan Kanem, rana ta ƙafar da shi. Daga nan ungurnu ke fitowa, kanwar nan mai tauri kamar dutse da ake sassaƙawa fala-fala. Buduma, mutanen tsibiran tafkin, su ne suka shahara da ƙetaro da ita a jiragensu na ciyawa zuwa gaɓar Barno, fatake su ɗauka daga nan.

Bahaushe bai haƙa kanwa da yawa ba, amma shi ya yawata da ita duniya. Ayarin jakuna da takarkarai, madugu a gaba, mangala cike da kanwa, a bi ta Kano da Zariya a gangara Nufe da Ilori, ko a yi yamma zuwa Gwanja a sayar a Salaga a sayo goro. Shi ya sa har yau Bayarabe ke cewa "kaun", Ibo na cewa "akanwu", duk sawun kalmar nan ce ta bakin fatake. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya rubuta littafi sukutum a 1986 a kan wannan fatauci na gishiri da kanwa. A kasuwa kuwa kowane iri da sunansa da aikinsa: jar kanwa, farar kanwa, ungurnu, mangul, manda ta masu magani, balma da kantu da Buzaye ke ɗauko wa a raƙuma daga Bilma ta cikin Tenere, gallo mai zuwa ta Tambutu. Mai cewa "duk kanwar ja ce" bai taɓa zama a rumfar 'yan kanwa ba. Can in ka ce a ba ka kanwa, tambayar farko ita ce, "Alhaji, ta miya ko ta dabbobi?"

Ta dabbobi ita ce mai tafiya buhu-buhu. Bafulatani zai iya haƙura da abubuwa da yawa, ban da ranar ba shanu kanwa. A daka, a zuba a komi, a kwaɓa da ruwa ko dusa, shanu su yi ta rububi. Ciyawa ba ta da sodiyam isasshe, jikin dabba kuwa na nema, shi ya sa za ka ga akuya na lasar bango. Makiyayan Nijar sun mai da abin biki: ƙarshen damina Buzaye da Woɗaɓe kan kora dukiyarsu zuwa filayen Ingal da Tegidda, inda ƙasa da ruwa ke da gishiri, dabbobi su sha su lasa, mutane su yi zumunci da wasanni. Daga lasar dabbobi muka samo "kanwar lasa", abin da kowa ya samu sai ya ɗan taɓa.

A madafa kuma, ba a banza aka ce mata uwar gami ba. Wake ya ƙi nuna, a sa kanwa. Kuɓewa ko karkashi ana son yauƙi, a sa kanwa. Ɗanwake ba ya haɗuwa sai da kuka da ruwan kanwa. Ƙullun waina ya kwana ya yi tsami, ɗan ɗigo ya daidaita shi. Ganye ana so ya fito kore shar, ita ce dai. Tsofaffi masu taba gari suna haɗawa da ita don ta ƙara kaifi, mai ƙwarnafi ya jiƙa ya kurɓa. Duk aiki ɗaya take yi: tana kashe tsami, tana kuma sassauta abin da ya ɗaure ƙwayar hatsi da ganye. A ƙasar da itace ke tsada, abin da zai rage wa wake awa guda a kan wuta ba ƙaramin taimako ba ne. Sai dai tana da nata haraji, domin kanwa in ta yi yawa tana lalata wasu sinadaran gina jiki, musamman bitamin B1, ta kuma bar wa miya wani bauri mai kama da sabulu. Matan da suka iya girki sun san haka ba tare da an gaya musu ba, shi ya sa Inna ke tsiyayawa da kaffa-kaffa.

Inda kaffa-kaffar ke ɓacewa shi ne ɗakin mai jego. Mace ta haihu, ta koma gida wankan jego. Kwana 40 ana tafasa ruwa a babbar tukunya, safe da yamma, ana fyaɗa mata da ganyen darbejiya ko na runhu. Ta fito jiki na tururi, ga ƙwarya cike da kunun kanwa na jiranta: gasarar gero, citta, kanumfari, masoro, barkono, da kanwa har kunun ya yi ɗorawa-ɗorawa. Gwaggo na tsaye a kanta. "Shanye, 'yar nan, kar ki rage. Shi ke kawo nono, shi ke fitar da sanyi." Ba mai jegon da ta isa ta ce a'a. A wasu gidajen ƙasar Zazzau har gadon ƙasa ake hura wa wuta a ƙarƙashi ta kwanta a kai. Niyya kyakkyawa ce, kuma akwai hikima a cikin al'adar: mace ta sami hutu, ta sami abinci mai ɗumi, ta sami masu kula da ita da jaririnta, abin da matan birni da yawa suka rasa yanzu.

To amma a shekarun 1970 wasu likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun lura da yawan matan da ake kawowa da ciwon zuciya makonni kaɗan bayan haihuwa, ƙafafu a kumbure, numfashi sama-sama. Lissafinsu ya kai kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu a yankin, abin da ba a saba gani ba a wasu sassan duniya, kuma abin ya fi tsanani a watannin zafi da danshi. Suka danganta shi da haɗuwar zafin wanka da na gado da kuma sodiyam mai yawa da ke cikin kunu, domin sodiyam riƙe ruwa yake a jiki, zuciyar da ta gaji da ɗawainiyar ciki kuma a ƙara mata kaya. Binciken da aka yi daga baya a Kano da wasu garuruwa ya nuna lamarin ya fi haka faɗi: akwai hawan jini, akwai rashin abinci mai kyau, akwai ƙarancin sinadarin seleniyam, kuma cutar na kama waɗanda ba su sha kunun ba ma. Don haka ba adalci ba ne a ɗora wa kanwa laifin duka. Amma ba likitan da zai ce mace mai hawan jini ko kumburin ƙafa ta riƙa shan ƙwarya guda ta kunun kanwa safe da yamma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 2 na sodiyam a yini, wato abin da bai kai ƙaramin cokali ɗaya na gishiri ba, kuma jiki bai san bambancin sodiyam na gishiri da na kanwa da na dunƙulen miya ba. Duka wuri ɗaya yake tara su.

Gishirin gargajiya kam kasuwarsa ta ja baya. Farin gishirin leda ya fi araha, kuma tun farkon shekarun 1990 Najeriya ta wajabta sa masa aidin don maganin maƙoƙo, abin da na Foga da mangul ba su da shi. Itacen dafawa ma ya yi wuya, kurmin giginyar da ke wajen Gaya ba a barin kowa ya sara yadda ya ga dama. Masu saye yanzu makiyaya ne, da masu magani, da tsofaffin da harshensu ya saba. Kanwa kuwa ba abin da ya taɓa ta. Ba kamfanin da ya ƙwace mata kasko, tana nan a kowace kasuwa daga Damagaram har zangon Kumasi, ana sayar da ita ƙulli-ƙulli ba awo ba takarda.

Roƙona ga iyayenmu mata masu riƙe da ludayin kunu, gwaggo da inna da kaka: a ci gaba da wanka, a ci gaba da kula, amma a sassauta hannu wajen kanwa. In kuwa mai jego ta fara kumburin ƙafa, ko tari da dare, ko ta kasa kwanciya sai a jingine, kada a ce sanyi ne a ƙara mata ƙwarya. A sauke tukunya a kai ta asibiti a ranar.